Rufin da Ba Shi da Eriya

Talata, 1 ga Satumba, 1998

Hadari ya haɗo, bai sauko ba. Mun gama rufin siton manoma. Gefen gabas Gonda ne ya yi, sai da na sa ya sake lanƙwasa shi. Shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashina, har yau idonsa bai miƙe ba.

Da yamma Hasebe-san ta zo, mai karɓar kuɗin kallo na gidan talabijin na ƙasa. Sau biyu take zuwa a shekara. Ta kashe jan babur ɗinta a ƙofar gida, ta cire hular kwano, ta rusuna.

"Onuma-san, har yanzu babu?"

"Har yanzu babu."

Ta ɗaga kai ta dubi rufina, ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce rufin ya yi kyau, ta tafi. Shekara tara ke nan muna wannan gaisuwa. Matar ta haura sittin, ba ta taɓa tsallake dokin ƙofata ba. Shi ya sa nake fitowa da kaina.

Alhamis, 3 ga Satumba

Lokacin cin abincin rana muka yi gardama da Gonda. Talabijin biyu gare shi a gida. In Hasebe-san ta je sai ya ce babu, alhali ihun 'yan kallon wasa yana fitowa daga bayansa. Wai shi a ganinsa wayo ne. Ya ce, "Oga, ai ba sa kama kowa. Doka ta ce mai talabijin ya sa hatimi ya biya, amma ba ta ce me za a yi wa wanda ya ƙi ba."

Na ce masa ni ba maƙaryaci ba ne. Doka ta ce mai talabijin. Ni ba ni da ita. Bambancina da shi ke nan, kuma duk garin nan an sani.

Ba kuɗin ba ne. Yen dubu ɗaya da ɗari huɗu a wata, ko ƙusoshin rana ɗaya bai kai ba. Kalmar ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, makon da muka tare a gidan nan, wani mai laktaye daga gidan talabijin ya zo ina tsaye da ma'aikatana. Ya sa takalminsa a bakin ƙofa don kada ta rufu, ya leƙa ta saman kafaɗata, ya ce dole in sa hatimi. Dole. Ni da na fita daga sakandare da almakashin yankan kwano guda ɗaya da keken aro, ba wanda ya ɗauki ko falle ɗaya ya taya ni. Na tambaye shi, in babu talabijin fa? Ya yi murmushi ya ce to babu dole. Na shiga na rungumo ta na ɗora a bayan mota, na kafa tsani na yanke sandar eriya yana kallo. Washegari na yanki tagulla na buga rubutu da hannuna na kafa a ƙofa: BABU TALABIJIN A GIDAN NAN.

An yi shekara ana ba da labarin a shagon aski. Matata Sumie a ranar tana tsaye da faranti, ta kawo wa ma'aikata shayi. 

Laraba, 9 ga Satumba

An liƙa takarda a zauren taro na gari. Gasar waƙa ta ranar Lahadi, wadda gidan talabijin ke yawo da ita gari-gari, za ta zo nan ran 18 ga Oktoba. Magajin gari sai ka ce shi ya haife ta. Rufin zauren ni na yi, shekara shida bai ɗiga ba. Wannan ba za su nuna ba.

Litinin, 21 ga Satumba

Ruwa tun safe. Ba aiki. Na wasa almakasai.

Laraba, 30 ga Satumba

Mai kawo wasiƙu ya miƙo mini kati hannu da hannu, yana alfahari. Wai matata ta yi kuskuren adireshi, ta rubuta na gidan Tomiko mai awara, amma shi ya san inda Onuma Sumie take.

Irin katin nan ne mai rabi biyu, ka aika, su yage rabi su dawo maka da amsa. Daga gidan talabijin. An ɗauke ta cikin mutum ɗari biyu da hamsin da za a tantance don gasar waƙa ran Asabar 17. Rubutun adireshin nata ne, na san shi. Ba kuskure ba ne.

Na ajiye shi a ƙarƙashin gwangwanin ganyen shayi.

Alhamis, 1 ga Oktoba

Katin ba ya wurin. Miyar safe ta yi gishiri. 

Juma'a, 2 ga Oktoba

Ni na fara ta da maganar. Na ce yaushe aka fara waƙa a gidan nan. Ta ce ba a gidan nan ake yi ba. Na ce me ya sa adireshin Tomiko. Ta ci gaba da ninke tawul, ta ce, "Baban Kayo, da allonka a ƙofa, in rubuta musu adireshin nan?"

Na ce ban hana kowa komai ba. Ta ce gaskiya ne, ban hana ba.

Da na hana da ya fi sauƙin amsawa. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, 6 ga Oktoba

Indararon gidan Tomiko ya karye tun bazara, yau na samu sarari. Na kafa tsani ta bayan gida wajen takwas da kwata. Daga mataki na biyar ana ganin cikin ɗakinsu ta taga.

Sumie tana ciki. Kullum da safe takan ce za ta leƙa Tomiko, ni kuma a zatona aikin awara take taya ta. Awarar da ake gamawa tun kafin gari ya waye. Wasan kwaikwayon safe suke kallo. Tomiko da surukarta suna kan matasai a tsakiyar tabarma. Matata tana can gefe dab da ƙofa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba, ta durƙusa a gefen tabarma kamar wadda ta zo cigiya. A gabanta ɗan kwano na kabejin da take jiƙawa da gishiri. Ashe nan yake zuwa. Na sha yin mita cewa kabejinmu ba ya auki.

Minti goma sha biyar. Aka gama, ta rusuna sau biyu, ta bar kwanon ta fita.

Na gyara indararon. Tomiko ta fito da ambulan, na ce ta bar shi. Ta ce, "Haba Onuma-san, ai mu ne da godiya, shekara goma sha ɗaya ba mu sayi kabeji ba." Da dariya ta faɗa. Tomiko ba ta da mugunta, baki ne kawai.

Laraba, 7 ga Oktoba

Ciwon baya.

Asabar, 10 ga Oktoba

Aski. Ban tambayi kowa ba, su suka yi ta bayani. Wai cikin ɗari biyu da hamsin ashirin ake zaɓa, su ne za su fito ran Lahadi kai tsaye, sha biyu da kwata. Mutum yana cikin waƙa za a buga masa ƙararrawa. Bugu ɗaya, koma gida. Bugu biyu, ba laifi. In ta yi ta kaɗawa kamar an ɓare, ka ci.

Mai aski ya ce zai ajiye mini kujerar gaba a shago in Sumie-san ta fito. Wani daga baya ya ce a'a, a juya masa kujerar ta kalli bango, kada ya karya alkawari. Aka yi dariya. Na biya na fito, gefe ɗaya bai gama daidaita ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Na dawo ɗaukar injin huda da rana. Na bar motar a kwanar layi saboda ana gyaran magudana, na taho da ƙafa. Daga bayan katanga na ji murya a wurin shanya. Tsohuwar waƙa ce ta jirgin ruwa da wanda bai dawo ba, irin ta zamaninmu. Na ɗauka rediyon maƙwabta ne.

Na taka tsakuwa, muryar ta ɗauke. Da na shiga Sumie tana matse riga, ta ce na dawo da wuri.

Shekara talatin da ɗaya da aure. Tun ranar bikinmu ban ji ta yi baiti biyu a jere ba. Ban taɓa cewa ta daina ba. Na yi ta tunani a mota, ban tuna ranar da na faɗa ba.

Juma'a, 16 ga Oktoba

'Yarmu Kayo ta iso daga Sendai da jirgin ƙasa na yamma. Ita da Sumie sun shimfiɗa kimono uku, dogayen rigunan biki, a ɗaki suna zaɓe. Na ji Kayo tana cewa wanda ya shiga ashirin ana ba shi kujera biyu na iyali. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman tabarau, suna aljihuna. Sumie ta ce in an samu, Kayo ce da Tomiko. Ta juyo ta ce, ba da faɗa ba, "Kai ai ba ka shiga harkarsu."

Na ce ƙwarai.

Asabar, 17 ga Oktoba

Iska mai ƙarfi, na sallami ma'aikata da rana. Sumie da Kayo sun tafi zaure tun sha ɗaya.

Shida da rabi waya ta yi ƙara. Kayo ce, tana haki. "Baba, Mama ta shiga. Ita ce ta huɗu gobe." Na ce to. Ta ce to kawai? Na ce ku sayo abinci a hanya.

Ba a jima ba Gonda ya bugo, wai in zo gidansa gobe in kalla, babbar ce ke falo. Na ce ina ce ba ka da talabijin. Na ajiye waya.

Ba zan je shagon aski ba. Ba zan je gidan Gonda ba. Onuma Tetsuzo ba zai raɓe a gefen tabarmar wani da rigar sanyi a jiki yana kallon—

Na ci shinkafa da sanyinta.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Hannun dama da ƙyar yake riƙe alƙalami, amma gara in rubuta yadda aka yi kafin shagon aski ya rubuta nasa.

Sun fita bakwai. Takwas na share mota. Tara na ga kaina a hanyar birnin Sakata. Ban sayi komai a shagon lantarki na garinmu ba, matar mai shagon ƙanwar mai aski ce. Babban kanti bai buɗe ba sai goma. Na ɗauki ƙarama, inci goma sha huɗu, da 'yar eriyar ɗaki mai ƙaho biyu. Na tambayi mai sayarwa ko tana kamawa ba sai an hau rufi ba, ya ce yawanci. Na lulluɓe kwalin da tampol. Niyyata in kalla, in mayar cikin kwali, gobe in ba wa Kayo ta tafi da ita. Awa ɗaya. Ba wanda zai sani, rufi yana nan yadda yake.

Sha ɗaya da rabi na kunna. Ba hoto, sai yashi. Na juya ƙahonin, na kai taga, na ɗora kan firiji, na riƙe sama da kaina. Yashi da shuu. Sai can na gane. Kwanon rufina ya fi na kowa kauri a lardin nan, ninki biyu na sa, har bango na bi da shi ta gefen teku. Ruwa bai taɓa shiga ba. Ashe ba ruwa kaɗai ba.

Sha biyu saura biyar. A bayan shago akwai tarin tsofaffin eriyoyi da muke cirewa daga rufin mutane. Na zaro ɗaya mai doguwar waya, na haɗa, na zuro ta taga, na ƙure ƙara, na kafa tsani. Sanda babu, ni na yanke ta. Kuma ba zan huda rufina cikin gaggawa ba, ko don waye. Na hau na tsaya a kan tsaiko da eriya a hannu, iska tana neman fizge ta, ban san ina zan fuskantar ba. In na ji shuu ya ragu sai iska ta juya ni.

Sai ga ƙarar babur. Jan nan na Hasebe-san.

Ranar Lahadi ce ranarta, mutane suna gida. Ta tsaya a ƙofa, dab da allona. Ta cire hular kwano. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta bi waya da ido har taga. Da ta ciro littafinta da na san abin da zan ce. Ba ta ciro ba. Ta dubi agogo.

"Onuma-san, akwai mai duba maka hoton a ciki?"

"Babu."

"To a gafarce ni, zan shiga."

Ta ajiye jakarta a kan babur, a waje. Na lura da wannan. Na ji ta cire takalmi. Can sai murya ta taga: hagu. Ƙara. Ya yi yawa, dawo. Ɗaga sama kaɗan. Nan, nan, kada ka motsa. Shekara arba'in ba wanda ya ba ni umarni a kan rufi. Kiɗan buɗe shiri ya fito tas.

Na gwada jingina ta da gwiwa in sauko. Ina sassauta hannu sai shuu. Ta ce in dai ina son ji, to in tsaya yadda nake. Ita ba ta iya hawa tsani. Haka aka raba aikin: mai karɓar kuɗi tana zaune a ɗakina tana kallon matata, ni ina sama da hannu a miƙe.

Na farko ɗan makaranta, bugu biyu. Na biyu wasu 'yan'uwa mata, bugu ɗaya, suna ta dariya. Na uku ban ji ba, kafaɗa ta fara wuta. A gidan Sasaki na tsallaken hanya an buɗe taga, kai uku suna leƙe na. Na kalli dutse.

"Ga ta nan," in ji Hasebe-san. "Shuɗin ta sa, mai ratsin fari."

Waƙar jirgin ruwan ce. Wannan karon ba tsakuwar da zan taka. Muryar ta yi rawa a farko, sannan ta zauna. Ba siririya ba ce kamar yadda take magana da ni. Tana da faɗi. Ta kai har inda aka ce fitilar tashar ta mutu, ta ja shi ba ta yanke ba, sannan ƙararrawa. Ɗaya. Biyu. Na jira. Biyu ne.

Mai bugun nan ba shi da kunne.

Mai gabatarwa ya tambaye ta ko maigida yana kallo a gida. Na ji ta ce, "Ba mu da talabijin. Shi kam yanzu yana kan rufin wani, na san shi." Zauren ya ɗauki dariya. Gidan Sasaki ma suka ɗauka, daga ciki da kuma ta taga.

Hasebe-san ta leƙo ta ce in sauko, an gama da tamu. Ban sauko ba sai da aka kai ƙarshe, ko za su sake nuna ta. Wai sun nuna, tana tafi a layin baya. Da na sauko har ta sa takalmi. Na ce ta sha shayi, ta ce tana da sauran gidaje. Game da takarda ba ta ce uffan ba. Na ce mata kawai gwaji nake yi. Ta ce, "Hoton ya yi kyau sosai."

Sun dawo biyar. Labari ya riga su tun daga ƙofar zaure. Kayo tana ta toshe baki don dariya. Sumie ta dubi talabijin, ta dubi wayar da ke reto a taga. Ta ce an ce na hau rufi. Na ce kwano na duba, saboda iska. Ta ce in cire riga. Ta manna mini filastar ciwon jiki biyu a kafaɗa, ta danna da tafin hannu ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Litinin, 19 ga Oktoba

Kayo ta koma. Ta ce ɗakinta ba wurin ajiye talabijin. Ban matsa ba.

Gonda ya yi ta ɗaga hannu ɗaya sama duk lokacin da ya zaci ba na kallo. Na ba shi kwasar tarkace.

Eriya ba ta zama a hannu har abada. Da yamma na yi mata gindi a jikin bango, ba huji ko ɗaya a rufi. Wurin yana buƙatar ƙarfen da ba ya tsatsa, tagulla kuwa ta yi tsada bana. Akwai wata a ƙofa, allon nan nawa, girmanta daidai. Rubutun yana ciki, ta gefen bango.

Talata, 20 ga Oktoba

Hasebe-san ta zo da hantsi. Ta kashe babur, ta cire hula, ta rusuna. Ta dubi ramukan ƙusa huɗu a ƙofa, ta dubi sama.

"Onuma-san, har yanzu babu?"

"Akwai."

Hatimina yana kan akwatin takalma tun safe, na fito da shi ne don wata takardar banki. Ta buɗe jaka. Na ce ina da tambaya ɗaya. Dole ne?

Ta ce, "Doka dai ka san abin da ta ce, ka fi ni sani. Ni kuwa shekara tara ban faɗa maka wannan kalmar ba, ba yau zan fara ba."

Na karanta takardar duka, har ƙananan rubutun, ta tsaya tana jira. Hatimin ya ɗan karkace. Kafaɗa ce.

Ba wai na yarda da su ba ne. Abin da na yi amfani da shi nake biya, tun ina yaro haka nake. Ba abin da ya canza.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Sanyi ya fara. Rufin makarantar renon yara, kwana uku in ba ruwa.

Na manta almakashi a gida, na dawo wajen takwas da rabi. An gama wasan safe. Sumie tana zaune a tsakiyar tabarma kan matashi, ba rigar sanyi, kabeji cike da kwano a kan teburinmu. Tana bin kiɗan ƙarshe a hankali. Na taka tsakuwa, na buɗe ƙofa, har na yi gyaran murya.

Ba ta daina ba.

Almakashin yana mota ashe.